Babban Gwanin Zazzau da Mai Zanen Lisbon: Yadda Ake Adana Sunan Mai Fasaha da Yadda Ake Rasa Shi

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Cikin abubuwan da ya gani a zaman da ya yi har zuwa watan Mayu akwai wani masallaci da Waziri yake ginawa, kuma a bakin aikin ya zanta da shugaban maginan. Mutumin ya gaya masa shi Bazazzagi ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar inda ya samo wani abu na ilimin gini, da zai rasu ya bar masa takardunsa, kuma da takardun nan yake aiki. Clapperton ya siffanta ƙirar mutumin, ya faɗi yadda ya nuna sha'awar mallakar abin awo irin na Turawa, ya kwatanta ginshiƙai da bakunan ginin. Sunan maginin kaɗai ya tsallake. A wannan shekarar dai, a birnin Paris, wani ɗan ƙasar Fotugal mai gudun hijira, Domingos Sequeira, ya kai zanensa babban baje kolin masu zane na Faransa, aka ba shi lambar zinariya. Zanen, wanda ya nuna rasuwar mawaƙin Fotugal Camões, ya ɓace daga baya. Duk da haka har yau an san wanda ya yi shi, da shekarar da ya yi shi, da zauren da aka rataye shi.

Wasu masana tarihin gine-gine suna ganin maginin da Clapperton ya zanta da shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ruwayoyi ke kira Malam Mika'ilu, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani, mai ginin Masallacin Juma'a na Zariya. Ko shi ne ko wani ɗan'uwansa a sana'a, haɗuwar ta isa ta nuna abin da nake son tsayawa a kansa. Ƙasar Hausa ta yi mai fasaha a ƙarni na 19 wanda ya cancanci a jera shi da manyan masu zane da magina na zamaninsa a ko'ina, mutum mai salon da ake ganewa, wanda sarakuna ke aika a ɗauko shi daga gari zuwa gari. Abin da ya raba makomarsa da ta takwaransa na Lisbon shi ne rubutu: can an rubuta, nan an bar wa baki. Kuma sakacin da ya cinye tarihin Babban Gwani bai ƙare da ƙarni na 19 ba. Yana nan yana cin sunayen masu zanen ƙwarya, da masu zanen bango, da masu rubutun allo da na jikin mota a Mubi da kewayenta, a daidai lokacin da kowa ke da wayar ɗaukar hoto a aljihu.

Ya kamata a fara duba yadda rayuwar mai zane take idan an adana ta. An haifi Sequeira a 1768 a unguwar Belém ta Lisbon, a gidan talakawa. Ya shiga ajin koyon zane na gwamnati yana yaro, a 1788 aka tura shi birnin Rum ƙaro ilimi, ya dawo gida a 1795. Ya taɓa janye jiki daga duniya ya shiga gidan masu ibada na Kirista na wasu shekaru, sannan a 1802 aka naɗa shi mai zanen fada, aka ɗora masa aikin ƙawata fadar Ajuda. Da sojojin Napoleon suka mamaye Fotugal a 1807 ya yi wa kwamandansu Junot zane, abin da ya jawo masa ɗauri bayan an kori Faransawa. Bayan ya fito, shi ya tsara kayan cin abinci na azurfa da ƙasarsa ta ba kwamandan sojan Birtaniya Wellington kyauta, waɗanda ke ajiye a Landan har yau. Ya goyi bayan juyin 1820 na masu son tsarin mulki, da al'amura suka juye a 1823 ya bar ƙasar, ya zauna Paris, ya koma Rum, can ya rasu a watan Maris na 1837. Rayuwa ce mai tuntuɓe da tashi, har da abin kunya a cikinta, kuma duk an san ta ne saboda takardun naɗi, da na kotu, da wasiƙu, da sa hannunsa a ƙasan zane.

Amfanin wannan adanawa ya fito fili shekara 178 bayan rasuwarsa. A ƙarshen 2015 babban gidan adana tsoffin zane-zane na Lisbon ya roƙi jama'a su yi karo-karo a sayi wani zanen Sequeira na 1828 daga hannun masu shi, a kan Yuro 600,000. Ɗalibai, da 'yan fansho, da kamfanoni, da ƙananan hukumomi suka yi ta zubawa, kafin ƙarshen Afrilun 2016 kuɗin ya cika har ya haura. Talakan Fotugal ya ciro kuɗi daga aljihunsa ne domin tun yana makaranta an gaya masa wane ne Sequeira. Mutum ba ya kare abin da bai san mai shi ba.

To, me aka riƙe game da Babban Gwani? An riƙe cewa shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga tsakiyar shekarun 1830 zuwa 1846, wato aikin ya zo daidai da shekarun ƙarshe na Sequeira da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, waɗanda suka bar duniya a shekara guda. An riƙe cewa akwai unguwa a cikin birnin Zariya mai ɗauke da laƙabinsa, inda zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sarautar magina. An riƙe cewa ana jingina masa gine-gine a fadojin Kano da Bauchi, da kuma gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Bayan waɗannan sai ruwayoyi: cewa yana aiki da dare, cewa yana da aljannu masu taya shi, cewa wani sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gina masa masallaci domin kada ya je ya gina wa wani irinsa. Ruwayar kisan tana da 'yan'uwa a ƙasashe da dama, ana faɗinta a kan manyan magina daga Rasha har Indiya, kuma abin da take tabbatarwa a zahiri shi ne girman mutumin a idon jama'a. Akwai kuma wata matsala da rashin rubutu ya haifar. Da yake laƙabin gado ne, ginin da aka ce na Babban Gwani ne yana iya zama na uba, ko na ɗa, ko na jika. Tsakanin masallacin Sakkwato na 1824 da gidan Kafin Madaki akwai kusan shekara 36, tazarar da mutum ɗaya zai iya cikewa, kamar yadda mutum biyu za su iya rabawa. Layi uku a takarda da sun raba gardamar.

Aikin kansa, shi ne shaidar da ba ta buƙatar ruwaya. Duk maginin ƙasa ya san iyakar azara. Ana tsaga ta daga giginya, gara ba ta cinta, amma idan aka shimfiɗa ta ba tare da tallafi ba, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar mita 2. Wannan iyaka ce ta sa tsoffin masallatan Yammacin Afirka da yawa suka cika da ginshiƙai kusa da kusa, har sahu ɗaya ba ya ganin na gabansa sosai. Maginan Hausa sun ƙetare iyakar da bakan gizo: ana dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, a ƙara wata ta zarce wannan, kowace tana karkata ciki, har na dama da na hagu su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa su zama baka guda. Idan bakuna suka gicciye juna sai a sami ɗaurin guga, a kansa a zauna da tulluwa. Babban Gwani ya gaji wannan dabara, amma ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A masallacin Zariya ya tsara ginshiƙan ta yadda wasu suke tsaye su kaɗai, wasu biyu-biyu, bakuna na fita daga jikinsu ta fuskoki daban-daban, suna ɗauke da jerin tulluwa a kan fili mai faɗi da tsawo. Ya kuma haɗa ɗakin salla da ɗakin shari'a da zaurukan shiga da wuraren alwala a haraba guda, tsarin da ya dace da daular da ta ɗauki salla da hukunci a matsayin abu ɗaya. Wanda ya yi wannan lissafi da tubali da azara da igiya, ba tare da ƙarfe ko siminti ba, injiniya ne cikakke.

Mai zane ne kuma, kuma a nan ne kwatanta shi da Sequeira yake da tushe. Jikin ginshiƙai da bakunan masallacin ba a bar su sumul ba. An yi musu zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya: layuka masu tafiya a jere suna bin lanƙwasar baka, da'irori, kusurwoyi uku-uku, tsagi mai hawa da sauka. Babu cunkoso irin na adon fuskar gidajen attajirai da ya yaɗu a Zariya da Kano a ƙarni na 20, inda ake cika bango da dagi da launuka har da hoton keke da agogo. Na masallacin yana da nutsuwa, yana aiki da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofofi da ƙananan tagogi, inuwa ta kwanta a cikin tsagin, zanen ya sauya kama daga hantsi zuwa la'asar. Mai fenti yana sarrafa haske da duhu a kan ƙyalle, shi kuwa ya sarrafa su a kan ƙasa. Wanda ya san inda zai sa ado da inda zai ɗauke hannu ya bar bango ya huta, ya kai matakin da ake kiran mutum gwani da gaske.

Akwai masu cewa kwatancin bai dace ba tun daga tushe, domin Musulunci bai yarda da zana mai rai ba, saboda haka al'ummar Musulmi ba ta da al'adar ɗaukaka mai zane. Rabin farko na maganar yana da madogara a wurin malamai da yawa, kuma Babban Gwani kansa bai zana mutum ko dabba a masallaci ba. Rabi na biyu ne tarihi ya ƙaryata. Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya wanda ya rasu a 1588, ya zauna ya yi wa abokinsa shiftar tarihin rayuwarsa da jerin gine-ginensa, shi ya sa yau ake iya bin aikinsa daga Santambul zuwa Edirne. Musulmin Turkiyya da Farisa sun rubuta littattafai sukutum a kan tarihin gwanayen rubutun hannu, wane ya koya a wurin wane. A nan gida ma, mai rubuta Alƙur'ani a Borno ko Kano yakan rufe aikinsa da sunansa da roƙon a yi masa addu'a, kuma sunan Sharif Bala Gabari na Kano ya kai ƙasashe da dama ta wannan hanya. Shugabannin jihadi kuwa marubuta ne na gaske. Shehu Usmanu, da Abdullahi na Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, kuma a cikin Infaƙul Maisuri, wanda aka kammala a 1812, Bello ya kawo tarihin malamai da dama na wannan yanki. Alƙalami da tawada da al'adar rubuta tarihin mutane duk suna nan. Abin da ya faru shi ne an keɓe su ga malami da sarki da jarumin yaƙi, aka bar mai sana'ar hannu a waje. Wannan zaɓi ne na zamantakewa, irin kallon da ake yi wa maƙeri da majemi da magini, kuma bai kamata a jingina shi ga addini ba.

Wata hujjar ta fi wannan ƙarfi. Masu ita suna cewa gini aikin gayya ne: wasu na haƙo ƙasa, wasu na kwaɓa ta da ciyawa, wasu na yin tubali, wasu na jefa shi sama, mata na kawo ruwa, kuma duk shekara bayan damina sai an sake yaɓe, an shafa makuba. Ta yaya za a ɗauki aikin ɗaruruwan hannaye a ba mutum guda? Suna ƙarawa da cewa ɗaukaka mutum ɗaya a kan jama'a ɗabi'ar Turawa ce. Gaskiya ne hannaye da yawa sun taɓa masallacin Zariya, cikinsu har da na bayi waɗanda ba a ambatonsu ko a ruwaya, kuma tarihin da ya manta da su bai cika ba. Amma kayan azurfar da Sequeira ya tsara ma maƙera da yawa ne suka yi shekaru suna ƙera su, ba wanda ya ce don haka a goge sunansa, kuma da yake an rubuta, ana iya gano sunayen maƙeran su ma. Rubutu yana faɗaɗa yabo ne, ya kai ga waɗanda baki zai manta. Ban da haka, Zazzagawa da kansu ne suka ware mutum guda suka ba shi laƙabi da unguwa da sarauta, tun kafin Bature ya kafa mulki a ƙasar. A kowace kasuwa ta Arewa mai saye ya san hular wane ɗinki ta fi, ya san wuƙar wane maƙeri ba ta dakushewa. Sanin gwani ɗaya-ɗaya namu ne tun asali. Abin da muka kasa shi ne ɗaukar wannan sani daga baki zuwa takarda kafin masu shi su mutu.

Sai masu cewa ƙasa ai ƙasa ce, dole ta koma inda ta fito, don haka baƙin ciki a kan ginin ƙasa ɓata lokaci ne. Masallacin Zariya ya tsaya kusan shekara 190, ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu, abin da gine-ginen siminti da yawa na zamaninmu ba za su yi ba. A shekarun 1970 aka rushe wasu sassan harabarsa, aka gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani ɓangare na ginin ya rufta, aƙalla mutum bakwai suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Ran mutum ya fi kowane gini, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar mutane su yi salla a ƙarƙashin rufin da ba a amince da shi ba. Sai dai darasin da ke ciki yana goyon bayan rubutu ne. Ginin ƙasa yana rayuwa da ilimin masu kula da shi, su san inda ruwa ke shiga, da lokacin sauya azara, da abin da ke faruwa idan siminti ya hana bango numfashi. Idan ilimin ya tafi da tsofaffin magina, ginin yana bin su. Abin lura kuma shi ne cikakken awon masallacin da duniya ke dogara da shi yau, Zbigniew Dmochowski ne, masanin gini ɗan ƙasar Polan, ya jagoranci ɗaukarsa tare da ma'aikata 'yan Nijeriya. Da wannan awo aka gina kwafin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da maginan Hausa ya rubuta yadda suke auna kyau da gwaninta, a binciken digirinsa na uku na 1981. Ba don irin waɗannan ba, da abin da za a nuna wa ɗalibi ya ragu ƙwarai.

Mutumin Mubi yana da dalilin da zai sa wannan labari ya dame shi fiye da na wasu wurare. A watan Yunin 1851 Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, ya bi ta Uba da Mubi a kan hanyarsa ta zuwa Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa shekara goma kafin nan. A littafinsa akwai zanen tsarin ɗakuna da rumbuna da kayan ɗaki na wannan yanki, babu sunan waɗanda suka ƙera su. Manyan hotunan littafin kuwa, wani mai zane na Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya fitar da su daga zayyanar Barth, bai taɓa taka Adamawa ba. Ke nan cikin tsoffin hotunan ƙasarmu da duniya ta gani, an san sunan wanda ya zana su daga nesa, ba a san na masu ainihin aikin ba. Haka abin ya ci gaba. Zanen ƙwarya na Adamawa, na matan Fulani da Bata da Yungur da Ga'anda, wanda ake yi da wuƙa mai zafi ko da tsaga a cike da baƙi, ya kai matsayin da T. J. H. Chappel ya rubuta littafi a kansa a 1977, Marla Berns da Barbara Hudson suka fitar da wani a 1986. Ƙoren suna gidajen tarihi a Turai da Amurka, kuma yawancin irin waɗannan kaya ana rubuta musu sunan ƙabila ne da na yanki. A Sukur da ke Madagali, wurin da ya fara shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO daga Nijeriya a 1999, akwai fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da hanyoyin dutse da aka shimfiɗa a kan tsauni, aikin gwanayen da su ma ruwaya ce kawai ta riƙe. Sannan 2014 ta zo. A ƙarshen Oktoba 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da duwatsu da Kamaru, a Disamba aka kai wa Sukur hari aka ƙona gidaje. Garin da ya ga yadda ake rasa kaya da tsofaffi da takardu cikin mako guda ya san cewa abin da ke cikin kan dattijo ɗaya kaɗai yana kan siraɗi.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta aljihu: mutane na fama da tsadar masara da taki, wa ke da lokacin rubuta sunan mai zanen ƙwarya? Amsar tana cikin aljihun mai tambayar, a bayan takardar Naira 20, inda hoton Ladi Kwali yake. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce daga ƙasar Gwari, ta koyi sana'ar a gida kamar dubban mata irinta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ta fara sa alamar sunanta a ƙasan tukunya, aka kai aikinta baje koli a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Gwanintar tata ce tun kafin Cardew, sunan da ya bi tukunyar ne ya sauya darajarta da farashinta. Haka ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, an san tarihin kowannensu dalla-dalla, alhali sun yi karatu 'yan kilomitoci kaɗan daga masallacin da ba a san shekarar haihuwar mai gina shi ba. Suna dukiya ce ga mai sana'a. Ƙwaryar da ba ta da suna ɗan kasuwa ne ke cin ribarta, wadda ke da suna kuwa mai saye zai dawo neman mai ita.

Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, kuma kowace shekara ɗalibai masu yawa suna neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Malamansu na iya tura su unguwanni da ƙauyukan Fali da Gude da Nzanyi da Margi da Kamwe da rugagen Fulani, kowane ɗalibi ya ɗauki gwani guda, da yardarsa: sunansa, garinsu, wanda ya koya masa, kayan aikinsa da sunayensu a harshensa, ayyukan da ya yi da inda suke, hotuna, da muryarsa yana bayani. A ajiye kwafi a laburaren makaranta, a ba fadar Sarkin Mubi ko ta hakimin yankin kwafi, a ba iyalin gwanin nasu, a ɗora wani a intanet domin wuta ko gudun hijira kada su cinye duka. Kada a tsaya kan tsofaffin sana'o'i kaɗai. Mai rubuta allon shago, da mai zanen jikin babbar motar da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi zuwa Kudu, da mai zayyanar allon saukar Alƙur'ani, da mai ƙunshi, duk masu zanen wannan zamani ne, kuma injin buga manyan hotuna yana ture da yawansu daga kasuwa a gaban idonmu. Attajirin da ya sa aka ƙawata masa gida, ko kwamitin da ya gina masallaci ko coci, zai iya ƙara layi guda a allon buɗewa, a ƙarƙashin sunan babban baƙo, mai ɗauke da sunan wanda ya tsara da wanda ya gina. Su kuma masu sana'ar, su riƙa sa sunansu da shekara a jikin aikinsu, ko da a ƙasan ƙwarya ne. Malaman da ke raba wa ɗalibai batutuwan bincike a wannan zangon karatu su ne za su iya fara wannan aiki ba tare da jiran kasafin kowa ba, kuma gare su wannan kira ya fara zuwa.